Tsohon katamaran ya fara lilo: ɗaure tamfol, sabon ribit, efoksi ko walda?

Tsohon katamaran, wato jirgin ruwa mai filafili da ke tafiya a kan kwalekwale biyu, ba ya ɓoye shekarunsa. Da zarar iska ta ɗan taso a tafkin Jabi, sai ka ji kwalekwalen dama ya yi nasa wuri, na hagu ma ya yi nasa, firam ɗin alminiyam da ya haɗa su yana ƙara kamar tsohon gadon ƙarfe. Ƙarfin iskar da ya kamata ya tura jirgi gaba sai ya ƙare a murɗa firam. Wayoyin da ke riƙe da sandar filafili su saki, sitiyarin baya guda biyu su daina kallon wuri ɗaya, juyawa ta yi wuya. Mai jirgi kuma ya shiga neman shawara, kowa da abin da zai ce masa: wani ya ce a sake tamfol ɗin da ake zama a kai, wani ya ce a zuba efoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu ya sandare, mai walda ya ce a kawo masa.

Zan yi maganar ne a kan Hobie 16 da ƙaramin ɗan'uwansa Hobie 14, domin su ne suka fi yawa a duniya cikin irin waɗannan jirage, kuma gininsu iri ɗaya ne. Hobie Alter na Kalifoniya ya fito da mai tsawon ƙafa 14 a 1968, mai ƙafa 16 ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Babban ya ɗan haura mita 5 a tsawo, faɗinsa kusan mita 2.4, nauyinsa wajen kilo 145. Kowane kwalekwale yana da turaku biyu na alminiyam da suka fito daga cikinsa. A kan kowane turke akwai gwiwa ta zubi, wato mahaɗin alminiyam da aka narka aka zuba, an soke ta da bol guda. Gwiwoyin nan huɗu su ke riƙe da sandar gaba, sandar baya da sandunan gefe, sannan a shimfiɗa tamfol a tsakiya a ɗaure da igiya. Ke nan gaɓoɓi ne da yawa, kuma kowace gaɓa idan ta ci shekara talatin ko arba'in tana motsi, dole ta yi sako-sako. Idan kuwa daga Legas jirgin ya fito, inda aka daɗe ana tseren irinsa a ruwan gishiri, to ga tsufa ga cin gishiri.

Kafin ka kashe ko sisi

Ajiye jirgin a shimfiɗaɗɗen wuri, a kan tsofaffin tayoyi. Ka ɗaga hancin kwalekwale ɗaya a hankali, wani ya tsaya yana kallon ɗayan. Tazarar da ka ɗaga kafin ɗayan ya motsa, ita ce ma'aunin lilon. Kowane jirgi yana ɗan bayarwa, amma idan ka ɗaga ya kai taƙi ɗayan bai san ana yi ba, akwai aiki.

Sai ka sa a ci gaba da ɗagawa ana saukewa, kai kuma ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ka dafa da tafin hannu. Hannu ya fi ido gane motsi. Wurare uku za ka duba: tsakanin gwiwa da turke, tsakanin gwiwa da sandar gicci (ta gaba ko ta baya) inda ribit suke, da kuma gindin turke inda ya shige cikin kwalekwale. Baƙin gari a kewayen ribit alama ce ta goga, wato yana motsi a raminsa. Farin gari kuma alminiyam ne ke cinyewa.

Na ukun nan shi ne mai hatsari. Idan turken kansa yana motsi a cikin kwalekwale, ko ka danna saman kwalekwalen a gaban turken gaba ka ji ya lotsa yana ƙas-ƙas, to faibar da aka gina kwalekwalen da ita ta rabu da soson da ke tsakiyarta, ko mazaunin turken ya saki daga ciki. A nan duk wani gyaran firam bai taso ba tukuna. Hasali ma ƙara wa firam tauri a kan ruɓaɓɓen kwalekwale tura masa ƙarin nauyi ne, kuma a daidai wurin nan ne hancin irin waɗannan jirage yake karyewa. Maganin lotsawa shi ne a huda ƙananan ramuka a fatar sama kaɗai, kada a zarce, a bar ciki ya bushe sarai, a ɗura efoksi mai ruwa da sirinji har ya fito ta ramin kusa. Turke mai motsi kuwa sai an yanka ƙofar dubawa an shiga da hannu an naɗe gindinsa da sabuwar faiba. Lokacin hunturu ne ya dace da wannan aiki a Abuja, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin iskar da ke fasa leɓe ita ce ke zuƙe danshin da ya maƙale a cikin soso.

Abin da za mu auna da shi

Abu biyar nake dubawa. Kuɗi, musamman ko kayan ana samunsu a gida ko sai an yi oda da dala. Ƙarko. Sauƙin aiki, wato ko mutum zai yi da kansa da yaro guda a ranar Asabar. Haɗarin ɓata jirgin idan aka kuskure. Sai na biyar, wanda mutane suka fi mantawa da shi: bayan gyaran, za a iya sake kwance jirgin? Ga wanda ke ajiye jirgi a bakin ruwa shekara da shekaru wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai iya samun canjin wurin aiki gobe, ko yake son ya kai jirgin madatsar Usuma ko ya haura da shi Jos ba tare da tirela ba, babbar magana ce, domin faɗin mita 2.4 ba ya shiga bayan kowace mota.

Ɗaure tamfol, ko sake shi

Mutane na ɗaukar tamfol a matsayin wurin zama kawai, alhali shi ne ke jan kusurwoyi huɗu ya matse su wuri ɗaya. Sakakken tamfol, sakakken jirgi. Shi ya sa nake cewa kowa ya fara daga nan, don sau da yawa rabin lilon a nan yake ƙarewa.

Igiyar ce kan gaba. Shuɗiyar igiyar leda ta kasuwa tana miƙewa, rana kuma tana mayar da ita gari cikin 'yan watanni. A nemi ta foliyesta marar miƙewa, ko igiya mai ƙarfi da ake kira Dyneema ga mai hali. Dabarar ita ce a ɗaura bel ɗin ɗaure kaya mai ƙugiya daga sandar gefe zuwa ɗaya sandar, a ja su ciki kaɗan, a ɗaure igiyar tsakiya daga gaba zuwa baya, a bi ta sau biyu ko uku ana tsuke ta rami-rami, sannan a ɗaure ta baya, a saki bel. A yi da rana tsaka lokacin da ledar ta yi laushi. Kafin a ja, a auna da tef daga hancin dama zuwa ƙarshen hagu, da hancin hagu zuwa ƙarshen dama. Awon biyu su zo daidai, in ba haka ba ka ɗaure jirginka a karkace.

Idan idanun tamfol sun fara ficewa ko ɗinkin ya ruɓe, masu ɗinkin rumfa da kujerun mota za su iya, amma ka kai musu zarenka. Zaren da suke amfani da shi ba ya jure ranar Abuja, kuma ɗinki ne ke fara mutuwa kafin yadi. Sabon tamfol na kamfani sai oda, kuma shi ne zai fi komai tsada a wannan zaɓi.

Rauninsa: ba ya cike ramin da ya riga ya faɗaɗa. Yana danne motsi ne, ba ya kashe shi, kuma sai an riƙa sake ja lokaci-lokaci.

Sabon ribit da ciko

Wannan shi ne gyaran da na fi yarda da shi ga yawancin jirage. Ana cire tsofaffin ribit da ke haɗa gwiwa da sandar gicci: a ci kan kowanne da injin huda, a buge sauran ciki da fanci, a sa sabo. Girman da aka fi amfani da shi 3/16 na inci ne, wato milimita 4.8. Idan ramin ya zama kamar ƙwai, sai a faɗaɗa shi zuwa 1/4 na inci, milimita 6.4, a sa mai kauri, ko a huda sabon rami a gefe inda ƙarfen ke da lafiya.

Inda ake yin kuskure shi ne irin ribit ɗin. Wanda masu tagogin alminiyam ke amfani da shi, wanda za ka samu a kowane shago a kasuwar Dei-Dei, na alminiyam ne, kuma ba zai daɗe a wannan gaɓa ba, zai tsinke. Abin da ake so shi ne na Monel, haɗin nikel da tagulla, ko na sitenles. Monel ya fi zama lafiya da alminiyam. Sitenles ya fi sauƙin samu, amma idan ya haɗu da alminiyam ga danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a hankali, don haka a shafa wa kowane ribit man raba ƙarfe irin Duralac ko Tef-Gel kafin a sa. A ruwan daɗi irin na Jabi cin ba ya sauri kamar na teku, amma gishirin da ya riga ya shige gaɓoɓin tun Legas yana nan. Sannan ƙaramar bindigar ribit ta hannu ɗaya ba ta jan sitenles mai wannan kauri. Ka ari mai dogayen hannaye, in ba haka ba ka karya bindiga ka bar ribit rabi a ja.

Tsakanin gwiwa da turke kuma ciko ake yi. A cire bol, a ɗaga gwiwar, a wanke farin garin, a naɗa siririn falle a kan turken, a mayar da gwiwar da gudumar roba. Fallen gwangwanin lemo yana yi, tunda shi ma alminiyam ne. Gwangwanin madara ko na tumatir ba ya yi, ƙarfe ne, zai yi tsatsa. Abin da ba a so shi ne a ce za a kashe motsin da ƙarfin sifana. Zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma mutane da yawa sun fasa gwiwa garin ƙara wa noti zagaye ɗaya.

Kuɗinsa kaɗan ne, ko da an yi odar ribit ɗin, domin ba su da nauyi. Yana yin shekaru bai lalace ba. Ciko kan sake lotsewa, amma sake shi aikin awa guda ne. Kuma jirgi yana nan yadda za a kwance shi.

Liƙe firam da efoksi

Masu tsere a Amurka da Turai sun daɗe suna yin wannan, kuma gaskiya babu abin da ya kai shi ba da tauri. Ana kwance firam gaba ɗaya, a cika duk wata tazara tsakanin gwiwa da turke da tsakanin gwiwa da sanduna da efoksi mai kauri, a mayar, a sa ribit da bol, a bar shi ya kama. Jirgin sai ya koma abu guda. Wanda ya taɓa hawa liƙaƙƙen jirgi bayan sakakke ya san bambancin tun daga juyawar farko.

Amma aiki ne da ba ya yafiya, kuma ga dalilai.

Na farko, efoksi ba ya son alminiyam sai an lallashe shi. Dole a goge da samfefa mai kaushi har ƙarfen ya yi haske, a wanke da asiton, a shafa siririn efoksi nan take kafin iska ta sake rufe fuskar ƙarfen, wasu ma suna sake gogawa da samfefa a cikin jiƙaƙƙen efoksin. Bayan haka ne za a kwaɓa mai kauri da garin silika har ya daina zuba. Ƙananan tub biyu na gam mai kamawa cikin minti huɗu ko biyar da ake sayarwa a shagon kayan gyara ba na wannan aiki ba ne: ba su isa ba, kuma za su sandare kafin ka ɗora gwiwa ta biyu.

Na biyu, zafi. A efoksin kamfanin West System, misali, ruwan 105 da mai kamawa 205 ana haɗa su kashi 5 da 1, kuma a zafin digiri 22 minti 9 zuwa 12 kawai kake da su a kofi. Mai jinkiri, 206, yana ba da minti 20 zuwa 25. To wannan a digiri 22 ke nan. A Abuja cikin Maris, da zafi ke haura 35, lokacin yana raguwa zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma idan ka kwaɓa da yawa a kofi ɗaya zai yi zafi da kansa har ya yi hayaƙi. A yi aikin da sanyin safiya a inuwa, da mai jinkiri, ana kwaɓa kaɗan-kaɗan. A Jos kuwa abin juyawa yake: 206 ba ya kamawa da kyau ƙasa da digiri 16, daren hunturun Jos kuma yana sauka ƙasa da haka, don haka can a fara da hantsi ko a yi amfani da 205.

Na uku, kuma shi ne babba: yadda ka ajiye jirgin a ranar, haka zai zauna. Idan kwalekwale ɗaya ya ɗan karkata, ko awon kusurwa zuwa kusurwa bai zo daidai ba, ka liƙe karkatar har abada. Ana bukatar daɓe mai lebur, a tallafe kwalekwalen biyu su yi tsayi ɗaya, a gwada haɗawa a bushe tukuna, a tanadi mutum uku, sannan a ɗaure tamfol tun efoksin bai kama ba don ya ja komai mazauninsa. A shafa wa bol ɗin turke kakin zuma ko giris domin ya fitu daga baya.

Kwancewa fa? Tana yiwuwa, amma sai an gasa gwiwar da na'urar hura zafi ana bugu, kuma turken yana zaune ne a cikin faiba wadda ita ma ba ta son zafi. Akwai masu shafa kaki a kan turken kafin su zuba efoksi, ta yadda zai zama ciko mai siffar gaɓar daidai ba tare da ya manne ba. Wannan tsaka-tsakin ya fi burge ni a kan liƙewa gaba ɗaya: ana samun mafi yawan taurin, kuma gwiwa tana fita idan an buge ta.

Kuɗin yana da ɗan nauyi saboda efoksin jirgi mai kyau yawanci daga Legas ko waje yake zuwa. A sa safar hannu, domin yana jawo ƙaiƙayin fata wanda idan ya kama mutum ba ya saki.

Walda

Wannan ce shawarar da za ka fi ji, tunda garin cike yake da masu walda, har da ƙwararrun masu waldar agon a Apo da ke gyaran rim da kan silinda. "Yallaɓai, kawo in ɗana maka, ba zai ƙara motsi ba." Hannunsu ba shi ne matsalar ba. Ƙarfen ne.

Sandunan jirgin alminiyam ne da aka gasa a masana'anta don ya yi ƙarfi. Wutar walda tana warware wannan gashi, sai gefen ɗinkin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye, kuma a daidai inda nauyi ya fi taruwa. Gwiwar kuma zubi ce mai ƙananan ƙofofi da suka sha datti da gishiri shekara da shekaru, walda a kanta takan yi kumfa. Ga shi dole a kankare rufin da ke kare ƙarfen daga ci. Ɗinkin zai yi kyau a ido, ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya tsage a gefensa ba tare da sanarwa ba. Ribit idan zai mutu yana fara motsi ka gani. Walda a kan turke kuwa, yana jikin kwalekwale, wannan gyaran gangar auzinawa ne, zafin zai bi ƙarfen ya cinye abin da ke riƙe da shi a ciki.

Inda na yarda da ita: ƙaramar tsaga a kunnen gwiwa, an cire gwiwar daga jirgi, a matsayin maneji kafin wata ta iso. Sandar da ta tsage a gefe ana iya zura mata wani bututun alminiyam a ciki ya wuce tsagar ta kowane ɓangare, a kama da ribit. Amma sandar gaba, idan ta tsage a ƙarƙashin mazaunin sandar filafili, sai dai a sake ta. Duk nauyin filafili a nan yake sauka.

Tunda an zo nan, a duba tokarin da ke ƙarƙashin sandar gaba, in jirgin yana da shi, ɗan turken nan da sandar ƙarfe da ta bi ta ƙasansa zuwa kusurwoyi biyu. Shi ke hana sandar lotsawa. Idan ya saki a ɗaure notocinsa daidai wa daida ta kowane gefe har ya daina kaɗawa. Kyauta ne, minti goma.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Kwancewa daga baya |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗaure tamfol | Kaɗan. Sabo na da tsada | Sai an riƙa sake ja | Mai sauƙi | Kusan babu | Ba matsala |
| Ribit da ciko | Kaɗan | Shekaru | Matsakaici | Fasa gwiwa, faɗaɗa rami | Ba matsala |
| Efoksi a kan kaki | Matsakaici | Mai daɗewa | Da ɗan wuya | Karkata | Da gudumar roba |
| Liƙewa gaba ɗaya | Matsakaici | Mafi daɗewa | Mai wuya | Karkata ta dindindin | Sai da zafi |
| Walda | Matsakaici | Ba tabbas | Sai gwani | Karyewa ba zato | Sai an yanka |
| Sake gwiwa ko sanda | Mai yawa | Kamar sabo | Mai sauƙi in an samu | Kaɗan | Ba matsala |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda ke fita da iyali ranar hutu, iskar Jabi ma ba kullum take da ƙarfi ba, ya ɗaure tamfol da igiya mai kyau, ya gyara tokari, ya sake gwajin ɗaga hanci. Idan lilon ya ragu, ya tsaya nan, ya sa sauran kuɗin a rigunan ceto da sabbin wayoyin sandar filafili, waɗanda sun fi taurin firam muhimmanci ga mai ɗaukar yara.

Wanda ya ga baƙin gari a kewayen ribit, ko gwiwa na rawa a kan turke, ribit na Monel da ciko ne nasa. Haka mai haya da jirgi ga jama'a, domin shi yana bukatar gyaran da zai iya dubawa ya sake a kowane lokaci. Haka kuma wanda ke kwance jirgi yana yawo da shi tsakanin Abuja da tafkunan tsofaffin ramukan kuza na Jos irin na Rayfield.

Efoksi a kan kaki na wanda ramukansa suka faɗaɗa har ciko ya daina zama ne, amma bai shirya rabuwa da damar kwancewa ba. Liƙewa gaba ɗaya kuma na mai son gudu ne, wanda ke fita a igiyar rataya, wato ya rataya jikinsa a wajen jirgi don kada ya kife, idan iskar gaban hadari ta taso, yana da tirela da wurin ajiya na dindindin, kuma ya tabbatar kwalekwalensa biyu ba su da lotsawa ko kaɗan.

Mai tsagaggiyar gwiwa ko sandar gaba ya nemi wata, ko da ta hannu ce daga jirgin da aka yi watsi da shi a Legas, ya bar nasa a kan tayoyi har ta iso.